Ƙaramin inji ko babba: wane babur ɗin gudu ya dace da wanda ya taso daga kan Boxer?

"Assalamu alaikum. Shekarata 27, kuma shekara shida ke nan kullum ina kan Boxer, ban taɓa yin wani haɗari mai tsanani ba. Yanzu Allah ya hore min 'yan kuɗi, ina so in sayi irin manyan baburan nan na gudu da ake cewa fawa baik. Na ga guda biyu na hannu, Kawasaki Ninja 400 da Yamaha R6, kuma kuɗinsu bai yi nisa da juna ba. Abokaina sun ce 400 na yara ne, wata uku zan gaji da shi, gara in ɗauki 600, ko ma in ƙara kuɗi in sayi 1000 in huta gaba ɗaya. Shin bambancin 400 da 600 yana da yawa har haka? Ni dai 200 kawai na gani a tsakaninsu."

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya sanya albarka a abin da ya hore maka. In na fahimce ka, tambayarka biyu ce a haɗe: kana so ka san abin da lambar nan ta cc take nufi a aikace, sannan kana so ka san ko abokanka sun yi gaskiya da suka ce ƙaramin zai gundure ka. Zan faɗa maka ra'ayina tun daga farko don kada in yi ta jan ka: Ninja 400 zan ce ka ɗauka. Amma na san in ban ba ka hujja ba, gobe a majalisa za su juya maka tunani, don haka ka gyara zama.

Lambar cc ba ta faɗin komai

Abin da ake kira cc shi ne girman ramin da fiston yake sharewa a cikin silinda daga sama zuwa ƙasa, a haɗa na dukan silindojin da injin yake da su. Cc 1000 lita ɗaya ke nan. Ya gaya maka yawan iska da fetur da inji zai iya haɗiya a zuƙa ɗaya, amma bai gaya maka sau nawa yake zuƙar a minti ɗaya ba, kuma a nan maganar take. Ƙarfin inji, wanda ake aunawa da ƙarfin doki, yana fitowa ne daga abu biyu da ake ninkawa da juna: ƙarfin murɗawar da injin yake yi, da yawan juyin da yake yi a minti. Inji biyu masu cc kusan ɗaya suna iya bambanta kamar jaki da ingarma.

Bari mu sa lamba a kai. Boxer ɗinka mai cc 100 yana da ƙarfin doki wajen 8. Ninja 400, mai cc 399 da silinda biyu, yana da wajen 45, nauyinsa da mai a ciki kilo 168. Ka ga tun a nan ka ninka abin da ka saba da shi fiye da sau biyar. R6 kuwa cc 599 ne, silinda huɗu a jere, ƙarfin doki wajen 118, wanda yake kaiwa a juyi 14,500 a minti. Wato 200 ɗin da ka gani a tsakani ta ninka ƙarfin sau biyu da rabi har da ɗoriya. Yamaha R1, mai cc 998, yana da 200, kuma nauyinsa bai wuce kilo 200 da 'yan kai ba. Doki ɗaya ga kowane kilo. Boxer ashirin da biyar a ɗaure cikin babur ɗaya.

Me ya sa R6 yake iya wannan juyi? Saboda an raba cc ɗinsa gida huɗu, kowane fiston ƙarami ne, marar nauyi, kuma tafiyarsa sama da ƙasa gajeriya ce. Ƙaramin fiston yana iya kai-komo da saurin da babba zai tarwatse in ya gwada. Kawasaki sun nuna wannan ƙarara a 2020 da suka fito da ZX-25R, cc 250 kacal amma silinda huɗu, yana juyi har 17,000, kuma ƙarfinsa yana kafaɗa da kafaɗa da baburan 400 masu silinda biyu. Don haka duk sanda aka faɗa maka cc, ka tambayi silinda nawa ne, kuma a wane juyi ƙarfin yake zuwa.

600 ba tsaka-tsaki ba ne

Wannan shi ne kuskuren da na fi gani. Mutum ya jera 400, 600, 1000, sai ya ce bari in kama na tsakiya, ai alheri yana tsakiya. R6 da 'yan'uwansa, irin su Honda CBR600RR da Suzuki GSX-R600 da Kawasaki ZX-6R, ba a ƙera su don su zama matakala tsakanin ƙarami da babba ba. Baburan gasa ne da aka maƙala wa fitila da madubi, saboda dokar gasar ajinsu ta ce sai an gina na tsere a kan wanda ake sayar wa jama'a. Duk abin da ke jikinsu an tsara shi ne don filin tsere: kan babur yana can ƙasa, wurin ɗora ƙafa yana sama da baya, sirdin R6 tsayinsa milimita 850 ne, na Ninja 400 kuwa 785.

Halinsu kuma na munafunci ne, a gafarce ni. A ƙasa da juyi 7,000 R6 lafiya lau yake, kamar ba ya iya kashe kiyashi. In ka hau shi a cikin unguwa sai ka ce wai wannan ake ta zuzutawa? Ƙarfin murɗawarsa, wajen Nm 62 (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin murɗawa), ba ya cika sai a juyi 10,500. Da zarar allurar mitar juyi ta haura 9,000 zuwa 10,000 sai ya rikiɗe, ƙarar ta koma ihu, babur ɗin ya fizge ka, kuma bai daina ja ba har kusan 16,000. A giyar farko kawai ya wuce kilomita 100 a awa. Akwai wani matashi da yake kawo min babur ɗinsa gyara, ya yi kusan wata biyu yana yawo da 600 yana cewa ya gama sanin sa. Ashe bai taɓa kai allura rabi ba. Ranar da ya buɗe totur sosai a giya biyu zai wuce tirela, fizgar ta tura jikinsa baya, hannunsa na dama ya ƙara murɗa totur ba da niyyarsa ba. Allah ya tsare, ya sauka gefen kwalta ya tsaya da ƙyar. Da ya zo wurina yana ba ni labari, kofin ruwa ma ya kasa riƙewa da hannu ɗaya.

Mai cc 1000 shi bai ma jira allura ta hau ba. R1 yana da Nm sama da 110, kuma ko a ƙaramin juyi yana da abin da zai ɗaga tayar gaba ko ya sa ta baya ta sulale. Giyarsa ta farko tana kai wa wajen kilomita 150 a awa. Iyakar gudun da aka yarje wa ƙananan motoci a manyan hanyoyin Najeriya kilomita 100 ne, to ka ga ka karya doka da sauran giya biyar ba ka taɓa su ba. Tun wajen shekarar 2000, bayan Suzuki Hayabusa ta 1999 ta haura kilomita 300 a awa ta tayar da hankalin hukumomi a Turai, manyan kamfanonin suka yi yarjejeniya a tsakaninsu suka toshe gudun baburansu a 299. Masu ƙera abin da kansu ne suka ga ya kamata a sa masa linzami.

In tsaka-tsaki na gaske kake nema, yana wurin masu silinda biyu na ajin 650: Kawasaki Ninja 650 mai ƙarfin doki 68, Suzuki SV650, ko Yamaha R7 da ya fito a 2021 da cc 689 da doki 73. Ka lura da abin mamaki: R7 ya fi R6 cc, ya ma ɗan fi shi ƙarfin murɗawa, Nm 67, kuma yana ba da shi tun a juyi 6,500, amma ya fi shi sauƙin sarrafawa nesa ba kusa ba, domin ƙarfin yana zuwa daidai gwargwadon yadda ka murɗa, babu kwanton ɓauna.

Shekara shida a kan Boxer

Ba zan raina su ba. Wanda ya shekara shida yana ratsa cunkoso tsakanin masu adaidaita sahu da 'yan kura da awaki ya koyi karatun hanya, kuma wannan ilimi ne da ba a sayen sa. Ka iya kuloci, ka iya daidaita jiki, idonka ya san direban da zai yanko kwana ba sigina. Abin da Boxer bai koya maka ba shi ne ladabin hannun dama. A kan Boxer totur kusan makunni ne: ka murɗe shi har ƙarshe, babur ya taru a hankali. Birki ma haka, yawancin mahaya Boxer da ƙafa suke tsayawa, na gaba sai dai a taɓa shi sama-sama. A babur ɗin gudu kuwa birkin gaba ne yake yin kusan dukan aikin, R6 faifai biyu gare shi a gaba, yatsa biyu sun isa su kafe tayar. Waɗannan ɗabi'u biyu da suka zauna maka a jiki, su ne za su fito ranar da yaro ya ɓullo da gudu daga lungu, kafin tunaninka ya iso.

Ga kuma lissafin da ba ya canzawa ko wane babur ka hau. A kilomita 100 a awa kana cin mita 28 a daƙiƙa ɗaya. A 200, mita 56. In gudu ya ninka biyu, tazarar da birki yake buƙata ta ninka huɗu. Ninja 400 yana kai 100 daga tsaye cikin daƙiƙa biyar ko kusa da haka, kuma daga nan sai ya riƙa hawa a hankali, yana ba ka lokacin da za ka tambayi kanka ina za ni. Babban ba ya ba ka wannan lokacin. Kafin ka duba mita ka shiga gudun da ramin da ke gabanka ya riga ya zama naka.

Ba don wasa ƙasashen da suka daɗe da waɗannan babura suka yi wa lasisi hawa-hawa ba. A Tarayyar Turai, tun 2013, lasisin A2 ya tsaya a kilowat 35, wato doki wajen 47, kuma sai mutum ya yi shekara biyu a kansa, ko ya kai shekara 24, kafin a ba shi wanda ba shi da iyaka. Honda CBR500R an ƙera shi ne daidai kan wannan layi, Ninja 400 da Yamaha R3 da KTM RC 390 duk suna ƙarƙashinsa. A Japan, inda ake ƙera mafi yawansu, cc 400 ne iyakar lasisin babur na gama-gari, abin da ya wuce nan sai da wata jarrabawa daban. Ko a gasar duniya haka ake hawa: Moto3 cc 250 silinda ɗaya, Moto2 cc 765, sannan MotoGP cc 1000, wanda shi ma an yanke za a rage shi zuwa 850 daga 2027. Yaran da suka fara tsere tun ba su kai shekara goma ba ma ba a ɗora su kan babban kai tsaye.

Zancen gajiya da shi

Abokanka suna da 'yar gaskiya a wuri ɗaya. In abin da kake so shi ne fizga a miƙaƙƙiyar hanya, to lallai bayan 'yan watanni jikinka zai saba da fizgar 400. Amma na 600 ma za ka saba da ita, na 1000 ma haka, sabo ba ya ƙarewa. Kuma murɗa totur a miƙaƙƙen titi ba gwaninta ba ce, ko ɗan koyo ya iya.

In babur ya shigo gareji, kafin mai shi ya buɗe baki, tayar baya nake dubawa. Tayar babur ɗin gudu zagayayyiya ce, don ta kama ƙasa in an kwantar da shi a kwana. Mafi yawan manyan baburan da nake gani, tsakiyar tayar ta cinye ta baje kamar ta mota, amma gefenta biyu, faɗin yatsa biyu ko uku, suna nan sababbi fil, har da 'yan gashin robar da suka zo da su daga kamfani. Wannan tayar tana gaya min mai ita bai taɓa yarda da babur ɗinsa a kwana ba, tsoronsa yake ji, sai dai ba zai faɗa ba. Masu 300 da 400 kuwa sau da yawa tayarsu ta ci har gefe. Ƙaramin yana ƙyale ka ka yi kuskure ka gyara: ka shiga kwana da giyar da ba ita ba, ka saki kuloci da gaggawa, ka ƙara wuta da wuri, duk ya yafe maka. Da haka ake koyo. Ni kaina na hau manya na more, amma babur ɗin da na fi jin daɗinsa a hanya mai kwane-kwane ƙarami ne, domin ina iya kai allurarsa har jan layi a giya uku da huɗu ban shiga gudun da zai kai ni lahira ba.

Aljihu da hanya

Ka ce kuɗinsu bai yi nisa da juna ba. Wannan kansa abin lura ne. Ninja 400 ya fara fitowa a 2018. R6 kuwa tun 1999 ake yin sa, kuma Yamaha ta daina sayar da na kan titi a Turai da Amurka bayan 2020. R6 da ya sauko har ya haɗu da Ninja 400 a farashi, tsoho ne, ko kuma yana da tarihin da ba a gaya maka ba. Kuma sai a samfurin 2017 aka sa masa ABS, birkin da ba ya kafe taya, da na'urar hana tayar baya sulɓi. Wanda ya girmi wannan ba shi da ko ɗaya, daga kai sai hannunka.

Kuɗin saye kuma shi ne mafi ƙanƙantar magana. Fulogi huɗu maimakon biyu, bawul 16 maimakon 8. Tayar baya mai faɗin milimita 180 maimakon 150, ta fi tsada kuma ta fi saurin cinyewa, ta 1000 ma 190 ce ko 200. Sarƙa da birki haka. Ninja 400 yana shan wajen lita 4 a kilomita 100, 600 da 1000 kuwa 6 zuwa 7 in an bi su a hankali, in an matsa musu kuwa sai abin da hali ya yi. Sannan injin R6 da na R1 suna matse mai da iska kusan sau 13, shi ya sa kamfanin ya ce a ba su fetur mai babban okten, na Ninja 400 sau 11.5 ne, ya fi haƙuri. Duk wanda ya taɓa tsayawa ya sayi na galan a bakin hanya saboda tanki ya yi ƙasa tsakanin gari da gari ya san abin da nake nufi. Famfon mai da nozul ɗin da na cire a manyan baburan nan saboda dattin fetur ba sa ƙirguwa.

Sai zafi. Waɗannan injuna da ruwa suke sanyaya kansu, kuma lagireto yana buƙatar iskar gudu. Ka tsaya a cunkoso da rana tsaka a watan Afrilu a kan mai silinda huɗu, fanka ta tashi, ta riƙa hura maka wuta a cinya, kana kife a kan tanki, wuyan hannu yana ciwo, hular kwano ta zama tukunya. Da hunturu kuma ƙura ta toshe matatar iska da haƙarƙarin lagireto. Ƙaramin ma yana jin wannan, amma zafin da inji yake fitarwa yana tafiya ne da yawan man da yake ƙonawa. Robobin jikinsu kuwa, faɗuwa ɗaya a tsaye a kan yashi, gefe guda ya tsage, kuma ba a kowace kasuwa za ka same su ba, sai an yi oda an jira. Kusan kowa yana kayar da babban babur ɗinsa na farko, galibi wajen juyawa a ƙofar gida ko in ƙafa ta zame a kan tsakuwa. Gara ka kayar da mai kilo 168 da ƙafarka take kaiwa ƙasa sosai.

Inda babban ya fi

Adalci ne in faɗa. In doguwar tafiya ce da kaya ko da goyo, babban inji yana tafiya a natse a ƙaramin juyi, wuce manyan motoci ba ya buƙatar sauke giya biyu, kuma birki da shokozoban manyan sun fi inganci. Sai dai wannan hujja ce ta 650 mai silinda biyu ko babur ɗin tafiye-tafiye, domin babu wanda ya yi awa huɗu a kife a kan R6 ya sauko yana yabon sa. Mai jiki sosai, dogo ƙaƙƙarfa, yana iya jin Ninja 400 ya matse shi, shi ma Ninja 650 ko SV650 zan nuna masa.

Ban ga hawanka da idona ba, ban kuma taɓa baburan nan biyu ba, don haka shawarata ta ginu ne a kan abin da ka rubuta da abin da na saba gani a wurin waɗanda suka taso daga ƙananan babura. Akwai waɗanda suka fara da 600 suka zauna lafiya, na san wasu. Amma duk wanda na sani a cikinsu ya yi shekara yana lallaɓa babur ɗin kamar ƙwai, kuma ya fi tsaransa jinkirin ƙwarewa.

Ka ɗauki 400 ɗin, in da hali mai ABS. Ragowar kuɗin da za ka ƙara ka sayi 1000, ka zuba su a hular kwano mai rufe fuska gaba ɗaya, da rigar kariya, da safar hannu, da takalmi mai rufe idon sawu, da sababbin tayoyi in na jikinsa sun tsufa. Akwai lamba huɗu a gefen kowace taya, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta, in ta haura shekara biyar a canza ko da zanenta bai cinye ba. Ranar dubawa ka je da makanikin da ya saba da masu injekta, ku isa da sassafe, ka sa hannu a kan injin ka tabbatar da sanyi yake kafin a tayar, domin inji mai matsala yakan ɓoye ta in ya ɗumama. Ku duba ƙahon gaba ko yana yoyon mai, ku duba ƙarshen kan babur da murfin inji ko akwai alamar gogar kwalta, ku gwada lambar jikin babur da ta takardun kwastan. Bayan ka saya, ka nemi fili marar mutane ka yi ta gwada birkin gaba daga kilomita 30, sannan 50, sannan 70, har sai hannunka ya daina cafka ya koyi matsawa a hankali. Bayan shekara guda ka turo min hoton tayar bayanka, daga nan sai mu yi maganar 600.